Daren Alhamis a Tsibirin Faial

Tas!
Kamar an karya busasshen reshe cikin kunnena.
Allurar mita ta yi tsalle, ta daki bango, ta faɗi,
fiyus ya mutu, ɗaki ya ɗauki ƙaurin ƙonannen gashi,
ni kuwa ban ko gama kiran sunan Evaristo ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan da ƙanena ya haye teku,
yana Toronto yana ɗora bulo kan bulo.
Akwai waya, na sani, jikata Lurdes ta sha faɗa mini.
Amma mu daren Alhamis muka sani,
da akwatin ƙarfen nan mai kwalabe biyu
da ke ɗaukar siririyar muryata ya yi mata ƙiba
har ta iya tsallake Atlantika.

Na zare filogi. Na zauna. Na bar kofi ya huce.
Bolt dubu uku ba ya barin gida don an tura ƙofa,
yana nan kwance cikin kafasita kamar kububuwa cikin yashi.
Hannun hagu a aljihu, haka tsoho Belmiro ya koya mini,
shi da bai taɓa yi mini wa'azi ba,
tabon babban yatsansa kawai ya nuna mini.
Da sanda mai ƙugiyar tagulla na taɓa kowane kai,
na zubar da ragowar dafin a ƙasa.

Sai tuhuma.
Kwalabe na fara zargi, don su suka fi tsada.
Na kashe fitila, na kunna su cikin duhu,
ina neman shuɗin hasken nan mai cewa iska ta shiga ciki.
Babu. Ja kawai, kamar garwashin asuba.
Na nemi gafararsu.
Na duba 'yar rezista da ke kan kowace, ko ta tsage.
Lafiyarta lau.
Makunnin zango na bi haƙori bayan haƙori,
ba zanen gawayi, ba kunkunniya.

Can tsakanin faifan kafasita mai juyawa na ga tabo,
baƙi, bai kai ƙwayar gero ba, da ɗan tsini a gefe.
Na ce ga ɓarawo!
Na goge tsinin da samfefa, na wanke gishirin da ya daskare,
na haɗa na'ura da gwangwanin mai, eriyar ƙarya,
ta yi ruri lafiya, minti biyar ba ko tari.
Na mayar da ita kan eriyar gaske.
Iska ta kaɗa taga.
Tas!

To, ruwa ba ya tsami banza.
Tabon nan ba ɓarawo ba ne, sawunsa ne.

Da safe na fita da tsani, gwiwa tana ƙorafi,
na bi igiyar ta bayan shingen furanni har bishiyar ɓaure.
Can mahaɗar waya take, ta yi kore shar,
hunturu shida iskar teku tana lasar ta.
In iska ta kwanta ta riƙe, in ta taso ta saki,
wuta ta fito da sallama ta iske ba hanya,
ta juyo gida a fusace, ta tsallaka inda rata ta fi ƙanƙanta.
Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga,
ni kuwa ina ɗaki ina tuhumar kujeru.

Na yanke, na feƙe sabuwar tagulla, na zuba dalma,
na naɗe da roba har sau uku.

Alhamis ta dawo, kwalabe suka yi ja, allura ta tsaya cak.
Cikin shuuu na dare sai ga shi, nesa, yana tari irin na babanmu.
Ya ce, Ina ka shiga makon jiya? Na zaci ka mutu.
Na ce, Gishiri ne.
Ya yi shiru, ya ce, Har yanzu ɓauren nan yana nan?